Kyandir ɗin Mama Clara

Da la'asar sakaliya Dorkas ta fito daga kasuwar Sabon Gari da kwalin kyandir a jaka, ta hau bas ɗin Samaru. Idonta na hagu sai ruwa yake yi. Tun ranar da aka binne surukarta yake dusashewa, kuma ta san dalili.

Surukar, Mama Clara, Baturiyar Romaniya ce, 'yar wani ƙauyen makiyaya tumaki da ke maƙale a gindin duwatsu, da gonakin tuffa da cocin katako. Ita ta haifi Reuben, mijin Dorkas. Mahaifinsa ya auro ta can wajen karatu, ta tsufa a Samaru tana tuƙa tuwo kamar kowa. Abu ɗaya ta roƙa. A garinsu ba a barin mutum ya cika sai da kyandir mai ci a hannunsa, in ba haka ba ya yi ta lalube a duhu, bai isa gida ba. Da ranar ta zo, babu kyandir a gidan. Dorkas, sarkin dabara, ta kunna fitilar waya ta damƙa mata. Caji ya riga numfashi ƙarewa.

Ana kiran magariba ta sauka, ta bi lungun bayan gonar masara. Janaretan mai aski ya yi tari ya tsaya. Fitilar mai ƙosai ta mutu. Kwaɗi suka yi tsit.

Sai wari: jiƙaƙƙen gashin tumaki, da hayaƙin wani itace da babu irinsa a Zazzau.

"'Yata." Muryar Mama Clara ce can ƙasa-ƙasa, da Hausar nan tata mai gargada. "Ba na ganin hanya."

"Mama, ki yi haƙuri. Ga shi na sayo."

Ta ƙyasta ashana. Kyandir ya kama. Ta miƙa shi cikin duhu.

"Kin makara, 'yata."

Wutar ta mutu.

Yatsu masu sanyi suka bi kumatunta suna lalube. Suka tsaya a kan idon hagu.

"Ara mini."

Ta buɗe baki ta kira Yesu, harshe ya ƙi.

Yatsun suka matsa wajen na dama.

Nan wani ɗan acaba ya karyo kwana, haskensa ya cika lungun. Dorkas ya gani ita kaɗai a durƙushe, kyandir warwatse a ƙasa. Shi ya kai ta gida.

Likita ya ce idon lafiyarsa ƙalau. Fasto ya yi addu'a har muryarsa ta dishe. Amma idon hagu ya daina ganin Samaru. Da magariba hanyar da Mama Clara ke bi zuwa garinsu yake nuna mata, tana wucewa a hankali, tafiyar tsohuwa. Kullum Reuben yakan zauna kusa da ita, abin tausayi, ya tambaye ta ko an hango duwatsun.

"Rairayi ne har yanzu," ta ce da shi jiya. "Ko teku ba ta kai ba."

Ta lalubo hannunsa.

"Reuben, don Allah kunna fitila."

Fitilar a kunne take.