Direban Da Ya Kashe Rediyo

A wani zamani an yi wani direba mai tsohuwar mota, da ita yake ciyar da kansa da mahaifiyarsa. Mutum ne mai son rediyo, a mota yana kunne, a gida yana kunne.

Ana nan sai motar ta fara ciwo. In tana tafiya lafiya lau, amma da ya tsaya sai injin ya kama kakkarwa kamar mai zazzaɓi, ya mutu. Direba ya canza fulogi. Ya tsaya, ta yi kakkarwa. Ya wanke kafireto. Ya tsaya, ta yi kakkarwa. Fasinjoji suka fara gudunsa.

Ya kai ta wurin wani dattijon makaniki, ya ce, "Baba, babu abin da ban yi mata ba!"

Makaniki ya ce, "Ka saurare ta? Kashe rediyon nan tukuna."

Ya kashe. Suka buɗe bonet, suka yi shiru. Can sai direba ya ji wani siririn sauti, siiii. Ya bi shi da kunne har ya iske wani ɗan tiyo ya tsage, yana zuƙar iska. Aka sa sabo, injin ya natsu.

Da ya koma gida ya gai da mahaifiyarsa, ta ce, "Lafiya lau." Har ya kai hannu zai kunna rediyo, sai ya fasa. Ya zauna kusa da ita, ya yi shiru. Can sai ya ji wani siririn sauti a ƙirjinta, siiii.

Ya ce, "Inna, tun yaushe?"

Ta ce, "Tun kafin motarka ta fara."

Ya miƙo mata mayafinta, ya ce, "Tashi mu je asibiti."