Farantin Baba

Ranar da Auta ta fara ganin Koci fuskarta a yamutse take. Da hantsi ne, a filin wasan makarantar unguwa, an shiga dogon hutun ƙarshen shekara, ta taso mahaifinta a gaba sai ya zagaya filin ko yana so ko ba ya so. Baba yana tafe yana ɗingishi yana mita, sai ta lura da tabon maiƙo yana faɗaɗa a aljihun rigarsa. Ta zura hannu ta zaro wani yankan kek da ya dame da gumi, har da ƙwayar magani manne a jikinsa.

"Baba! Don girman Allah mene ne wannan?"

"Mamanki ce ta ce in riƙe, ko jiri zai ɗebe ni," in ji shi, yana kallon wani wajen.

Ta jefa shi cikin kwandon shara, ta tsaya tana yarfe yatsu. Sai ta ji murya a bayanta.

"Ga ruwa, ki wanke hannu."

Dogo ne siriri, da usur rataye a wuya. Shi ne malamin motsa jiki na makarantar, kowa Koci yake kiransa. Ya tsiyaya mata ruwan a hankali, sannan ya durƙusa ya gaida Baba.

"Baba, yara sun tafi hutu sun bar ni ni kaɗai. Ko za ka taimaka mini mu taka tare?"

Tsohon da ya shafe safiya yana yi wa 'yarsa gardama sai ga shi ya miƙa hannu. Auta ta bi bayansu da kallo, ta rasa dalilin da ya sa ta kasa ɗauke ido.

Auta nas ce a ɗakin wankin ciwo. Kullum ƙafafun masu ciwon suga take kuncewa, ta san warinsu, ta kuma san yadda ɗan ƙurji yake zama ramin da ake yanke ƙafa a kansa. Irin wannan ƙurjin ne ya fito wa Baba a babban yatsa ya ƙi warkewa. Likita bai ɓoye mata ba: idan sugan bai sauka ba kafin hutu ya ƙare, yatsan zai tafi, wataƙila har da abin da ya fi yatsa.

Ga shi kuwa hutu a gidansu ba wasa ba ne. Yayyenta sun zo da 'ya'yansu, kaskon Mama ba ya sauka daga wuta, man suya ana juya shi har ya koma baƙi ƙirin kamar na inji. Ko ina ka taɓa danƙo, ƙudaje sun yi sansani a bakin kwalaben lemo. Kuma Mama tana da doka ɗaya tun ranar da ta shigo gidan: farantin da ya dawo da saura zagi ne. Da abinci take so, da abinci take ba da haƙuri, wanda ya ture farantinta kuwa ita ya ture.

Tafiyar safe ta zama kullum, daga nan aka kai ga karɓar lambar waya, Koci ya fara turo mata saƙo.

"Nas ɗina, yau Baba ya zagaya bai tsaya hutawa ba. Ni kuma tun da kika tafi numfashina bai daidaita ba. Akwai magani?"

"Akwai. Ka sha ruwa, ka rage zaƙin baki. Shi ma suga ne."

"To ke za a rage ke nan, sanyin idona. Ban yarda da wannan likitancin ba."

Sai dai Mama tana da nata ɗan takarar, ɗan mai gidan biredin bakin titi. Kullum da yamma zai faka mota, a sauke kek mai kirim da katan ɗin lemo. Idan aka ajiye masa abinci sai ya naɗe hannun riga ya duƙufa, yana magana yana tauna, naman yana leƙowa ta gefen baki. Ya gama ya tsotse yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya saki gyatsa, ya kalli Auta ya yi murmushi da zaren nama a haƙori. Ita kuwa sai ta tashi ta bar wajen.

"Wannan shi ne namiji," in ji Mama. "Kina ganin cinsa kin san zai riƙe gida."

Ranar da Koci ya zo gaisuwa, Mama ta cika masa faranti da shinkafa tana ninƙaya cikin mai, ga soyayyen nama, ga lemo mai sanyi. Ya ci rabi, ya yi godiya, ya roƙi ruwa zalla. Ya tashi tafiya. Ko bakin ƙofa bai kai ba Mama ta fara.

"Wannan tsinken kika kwaso mini? Ya kalli abincina kamar an zuba masa ƙasa! Wallahi wanda ya raina tukunyata ba zai ɗauki 'yata ba."

"Mama, lafiyarsa yake kula da ita."

"Mu da muke ci mutuwa muka yi?"

Auta ta kalli ƙafar Baba da ke naɗe da bandeji, ta tashi. Da ta shiga ɗaki ta rubuta masa: "Kocina, ka yi haƙuri da Mama. Kada ka canza don kowa. Yadda kake ɗin nan nake son ka."

Bayan wannan sai Koci ya tsiri zuwa cin abincin rana, lokacin da Auta take asibiti. Zai shigo da jakar wasanninsa a kafaɗa, ya wuce ɗakin Baba, a kai musu faranti biyu, su turo ƙofa. Farantan kuma su dawo kamar an wanke. Mama ta fara sakin fuska, har tana cewa ashe yaron kunya ce ta hana shi ci a ranar farko. Auta ta ji abin bai kwanta mata ba, amma da ta tambaye shi sai ya ce hira kawai suke yi.

Wata rana aka sallame ta da wuri. Ta nufi ɗakin Baba, ta tura ƙofa ba tare da ta jira amsar sallama ba, sai ta tsaya cak.

Koci ne zaune dirshan a ƙasa, kumatu cike, mai yana gangarowa daga yatsunsa har gwiwar hannu. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa cikin farantin. Rigar wasan da a da take yi masa yawa ta ɗame wani ɗan tumbi sabo. Ga kwalaben lemo biyu babu komai ciki. A gaban Baba kuwa ga farantinsa, an sharce shi tas, yana sakace hankali kwance.

Koci ya buɗe baki zai yi magana, sai gyatsa ta riga maganar fitowa.

Ƙyama ta turnuƙe ta, irin wadda ko a ɗakin wankin ciwo ba ta taɓa ji ba. Ta juya ta fita, hannu a baki.

"Na ɗauka kai daban ne," ta rubuta masa. "Ashe da kai da mai biredi duk ɗaya kuke, gara shi ma bai taɓa yi mini ƙarya ba. Ka san abin da likita ya ce, amma ka zauna kana taya Baba kashe ƙafarsa don Mama ta so ka. Kada ka sake zuwa gidanmu."

"Nas ɗina, abin da kika gani gaskiya ne, amma ba shi ke nan ba. Na yi alkawari, ba zan iya faɗa ba. Ki duba ƙafar Baba kawai."

Ta kife wayar. Ta yi kuka, haushin kukan kuma ya ƙara mata wani kukan.

Washegari da safe ta ɗauko na'urar gwajin suga, ta shirya ganin tashin hankali. Ta soki yatsan Baba, ta duba, ta sake gwadawa. Sugan ya sauka, saukar da bai yi ba tun farkon ciwon. Ta kunce bandejin, ta ga bakin ciwon ya fara tsukewa, warin ma babu.

"Kin gani ko?" Mama ta ce daga bakin ƙofa, ba ta ko leƙo ba, don ita ba ta iya kallon ciwo. "Mutum yana cinye abincina tas yana warkewa, ku kuna ta cika mu da surutun asibiti. Yau ma ninka masa zan yi."

Ta kuwa ninka. Da rana aka baje a falo, yayye da jikoki da ɗan mai biredi, Mama ta dire wa Baba faranti kamar tudu, ta yanko kek mai kirim ta ɗora a gefe, ta ja kujera ta zauna a gabansa. Baba ya kalli farantin, ya kalli ƙofa. Babu mai shigowa da jaka a kafaɗa.

Ya sa hannu ya ture farantin a hankali.

"Uwargida, ki yafe mini. Tun da yaron nan ya fara zuwa, ko loma ɗaya ta abincinki na rana ban ci ba."

Cokali ya faɗi daga hannun wani jika.

"Dafaffen wake da ganye da kifi yake kawo mini a jakarsa. Ni in ci wannan, shi ya cinye nasa ya ɗora da nawa, don kada faranti ya dawo miki da saura. Yana ci idonsa yana ruwa. Sau biyu ina jin sa yana amai a bayan katanga. Ni na roƙe shi, don tunda muke ban taɓa mayar miki da abinci ba, ban san ta inda zan fara ba. Ni na sa ya yi alkawarin ko Auta ba zai faɗa wa ba, don ita ba ta iya riƙe magana."

Mama ta miƙe. "Ashe guba nake dafawa a gidan nan ban sani ba?"

Auta ta matso kusa da Baba. Ta durƙusa ta warware bandejin a gaban kowa, ta ɗago ƙafar.

"Mama, ki kalla. Sau ɗaya kawai."

Mama ta kawar da kai, sannan ta juyo. Ta ga ramin da ke jikin yatsan, jajir, gefensa ya yi fari.

"Wannan ya warke ne a kan yadda yake da," in ji Auta. "Daga nan likita ya ce zai yanke." Ta ja yatsa a kan ƙafar.

Mama ta zauna a ƙasa, ta riƙe diddigen mijinta da hannu biyu. Ana cikin haka ɗan mai biredi ya miƙo hannu ta saman kanta ya jawo farantin.

"To tunda ba za a ci ba, kada ya huce," ya ce, ya kai loma.

Mama ta ɗago ta yi masa kallon sama da ƙasa, kamar yau ta fara ganin yadda yake tauna.

"Tashi ka kwashi katan ɗinka ka ba mu waje."

Da yamma Auta ta sami Koci a fili, yana gudu da ƙyar, tumbin yana rawa a gabansa. Da ya hango ta ya tsaya yana haki.

"Baba ya faɗa," ta ce. "Ka yafe mini, Kocina."

"Ni ne da neman gafara. Na ga fuskarki ranar nan, ni kaina ƙyamar kaina na ji."

"Ba zan yi maka ƙarya ba, har yanzu idan na tuna man nan a gwiwar hannunka zuciyata tashi take yi."

"To ya za a yi da ni?"

"Aurenka zan yi, in sa maka ido. Wannan cikin kuma kafin biki ya ɓace mini da gani."

Ya yi dariya har ya dafa gwiwa, ita ma ta yi, hawaye yana zubo mata.

Mama ba ta canza rana ɗaya ba. Ta zubar da baƙin man da hannunta, amma kullum tana dafa ganye tana tsaki, tana cewa wannan ai abincin awaki ne. Duk da haka ita take auna wa Baba, kuma idan ya rage sai ta ɗauke farantin ta kawar da kai. Da Koci ya dawo gaisuwa, rabin faranti ta zuba masa, ta ajiye ruwa zalla a gefe.

"Ci abin da za ka iya, ɗana. Ka ci na mutum biyu, ya isa haka."

Hutu ya ƙare, likita ya duba yatsan ya ce a ci gaba da abin da ake yi. Ba a daɗe ba aka sa rana.

Ranar ɗaurin aure babban yaya ya kawo mota bakin ƙofa, ya buɗe wa Baba. Baba ya sunkuya ya ɗaure igiyar takalminsa sau ciki, wanda rabonsa da shi tun kafin ciwon, ya ce a mayar da motar.

Kafin ya fita ya leƙa ɗakin da Auta take zaune cikin ƙawayenta, ya dafa kanta.

"Allah ya yi miki albarka, Auta. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai jin ƙai, ya sa a rama muku abin da kuka yi mini."

"Amin, Baba. Amma wajen da nisa fa, ka shiga motar mana."

"Yaron nan ya sha wuya a kan ƙafar nan," in ji Baba. "Da ita zan je in ba shi ke."

Ta taga ta bi shi da kallo yana taka titi a tsakiyar 'ya'yansa, ba sanda, ba ɗingishi, har ya sha kwana.