Kwamfutar Habu a Kan Tsohuwar Marina

Habu, Hasana, Kande, ku zauna ku saurare ni. Na rubuta ne don in na faɗa da baki sai ku ce tsufa ne.

Habu, tun ranar da za ka gina shagon buga takardu a bakin hanyar Kwanar Dangora na gaya maka wurin tsohuwar marina ce. Rijiyoyin rini tara aka cike da ƙasa a nan, ba wanda ya yi ko addu'a. Ka ce mini, "Inna, zamani ya wuce nan."

To ga zamani. Sati uku ke nan kwamfutarka in an kunna ta sai ta tsaya a baƙin allo, wai ba ta ga faifan ajiyarta ba. Kuma a cikin faifan nan aikin kammala karatun Hasana yake, shafi tamanin. Ran Litinin ake karɓa, in ba ta kai ba ta maimaita shekara.

Ɗantani mai gyara ya kwance ta a gabana. Ya cire wayar faifan ya mayar, ya sake ƙaramin batir, ya hure ƙura. Sau biyu yana kai ta Kano, tana tashi lafiya lau. Da an dawo da ita shago sai ta makance. Kai ka ce danshi ne.

Jiya da magariba na ga hadari, na je rufe maka taga. An ɗauke wuta tun azahar. Na yi sallama a bakin ƙofa kamar yadda na saba.

Aka amsa.

Daga ƙasa aka amsa, can ƙarƙashin sumunti.

Warin baba ya buge ni, baban rini mai tsami da toka. Rabona da shi tun ina budurwa.

Sai kwamfutar ta fara. Ƙas. Ƙas. Ƙas. Irin kukan da faifan ke yi in yana juyawa. Na laluba bango, na ji wayar wutar a zare, tana lilo.

Ƙas ya koma tim. Tim. Tim. Kamar ana bugun shuni.

Na dafa kan akwatin kwamfutar. A jiƙe yake, da ɗumi.

Wata murya ta ce a hankali, dab da kunnena, "Baiwar Allah, ɗauke mana hannunki. Bai gama jiƙa ba."

Aka riƙe mini wuyan hannu.

Na fara Ayatul Kursiyyu, ta ɓace mini. Na fizge, na bar takalmi ɗaya, ban san yadda na kai zaure ba.

Ga hannuna, ku duba. Shuɗi har gwiwar hannu. Kande ta cuɗe shi da sabulun salo da toka, bai fita ba. Habu, wannan ma danshi ne?

Na san abin da ke cinka. Kana tsoron in an sake fitar da ita garin nan ya ce shagonka da mutanen ɓoye, masu kawo aiki su gudu. Ita kuma Hasana ta daina yi maka magana, tana kuka a ɗaki. Na gaji da ku duka.

Ni ba zan ƙara taka shagon nan ba. Kande, ke ce babba, ki zaunar da su yau. Ko a ɗora kwamfutar a motar safe zuwa Kano a buga wa yarinyar nan takardunta, ko Habu ya shiga shagon gobe da magariba shi kaɗai, ya yi sallama, ya dawo ya gaya mini abin da ya ji. Ku zaɓi ɗaya kafin la'asar.