Sojan da Ya Tambayi Hanyar Gida

Shekara uku da shigowar sojojin Jamus, Gunvor mai sayar da kifi ta daina tsoronsu, raini kawai ya rage. Sun ƙwace jiragen masunta, sun cika tashar jiragen ruwan garin Bergen da bindigogi, har kifin da a da ake jefa wa kyanwa ya koma abincin manya.

Ran nan ta makara, dokar hana fita ta rutsa da ita a bakin ruwa, ga man shanun fasa-ƙwauri ɓoye cikin rigarta. Sai ga soja tsaye cikin duhu.

"Iya," ya ce, muryarsa kamar mai kurkure baki, "ina hanyar gida?"

Ta ja tsaki. "Ku da kuka zo cin ƙasar mutane? Wanda ya kawo ka ya mayar da kai."

"Sanyi nake ji, Iya."

"To, mu zafi muke ji?"

Ta raɓa za ta wuce, warin ruɓaɓɓiyar laka ya buge ta. Numfashinta na tashi fari saboda sanyi, nasa kuwa babu. Sai wata 'yar ƙaguwa ta fito daga wuyan rigarsa, ta bi kumatunsa, ta shige kwarmin idonsa, inda babu ƙwayar ido.