Jirgin da Sallau Bai Shanya Ba

Da aka ɗauke wuta, Yaya Talatu ta ce mu matso kusa, kuma kada wanda ya juya ya kalli ƙofa.

Ta ce a tsohuwar unguwarsu an yi wani ɗan gwanjo, Sallau. Idan ya fasa dila, yakan tsinci ƙananan jiragen yaƙi na ƙarfe, ba su wuce tafin hannu ba, fikafikansu na naɗewa. Irin masu tashi daga kan jirgin ruwa a yaƙin Turawa. Ba ya sayar da su. Jera su yake a kan kanta, matarsa Uwani tana goge masa ƙura, tana tsokanarsa wai har yau bai girma ba.

'Yan gwanjo suna da doka. Abin da ya zo hannunka sai ya kwana uku a rana kafin ya shiga ɗakin barci, don ba ka san wanda ya mutu ya bari ba.

Wani dare Sallau ya yanke ta rafi shi kaɗai. Rafin ya daɗe da ƙafewa. Amma ga mutum tsaye a kan yashi, ruwa na tsiyaya daga ƙafafunsa. Warin gishiri da man inji. Muryarsa kamar daga ƙasan rijiya.

Ya miƙo wani jirgi shuɗi. Sallau ya tambayi kuɗinsa.

"Ba na sayarwa ba ne. Matuƙi yake nema."

Sallau ya ɗauka wasa ne. Ya karɓa.

A gida, Uwani na taɓa jirgin ta janye hannu. Sanyi ƙalau, kuma a jiƙe. Ta ce a ɗora shi kan rufi. Ya ce rana za ta cinye fentin, kuma bai taɓa ganin mai kyansa ba.

"Don Allah maigida, ko a zaure ne."

Ya yi murmushi, ya ajiye shi a kan gado.

Cikin dare farfelar ta fara juyawa. Ɗakin ya shiga tangaɗi kamar kwalekwale. Uwani ta sauke ƙafa, ta ji ruwa har idon sawu. Sallau na zaune, ido buɗe, yana cewa ana kiransa. Ta kama hannunsa da hannu biyu, tana karanta duk abin da ta sani. Hannun ya riƙa sulɓewa kamar jiƙaƙƙen sabulu.

Da asuba rigarsa kaɗai ta rage mata. Cikin gilashin jirgin kuwa ga ɗan ƙaramin mutum, tafukansa manne da gilashi.

Ƙanwata ta tambaya a hankali ko ya mutu ne.

Yaya Talatu ta ce Uwani ba ta sake aure ba. Wai wata safiyar takan tarar gilashin ya yi raɓa, ta ciki.

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Kada in ji waninku ya bi rafi shi kaɗai. In an miƙo muku abu a can, ku sa hannu a baya."