Jan Farce a Kan Noti

Caja Auta ta je nema a durowar shagon saurayinta Injiniya, mai gyaran kwamfuta, sai hannunta ya faɗa kan wata 'yar kwalba a tsakanin sukundireba da tarkacen wayoyi. Jan farce ne, ruwan hoda.

Ta ɗaga ta da yatsu biyu kamar ta kamo ɓera ta wutsiya.

"Wannan na wace ce?"

Injiniya bai ko ɗago ba. Ya kifa wata laftof a kan tebur, ya cire murfin bayanta, yana leƙen cikinta da 'yar fitila.

"Kayan aiki ne, Autata. Mayar."

"Kayan aiki..."

Ita dai ba ta shafa ruwan hoda, shi ma ya sani. Amma ta san mai shafawa, ta kuma san laftof ɗin da yake lallaɓawa haka. Ta wata ma'aikaciya ce a ofishin da ke saman benen shagon, wadda Auta ta raɗa wa suna Ƙamshi saboda turarenta ke riga ta yin sallama. Karo na biyu ke nan cikin kwana goma tana kawo ta da ciwo iri ɗaya: a kunna, fuska ta yi baƙi, rubutu ya fito cewa ba a ga faifan ajiya ba. Injiniya ya buɗe, ya tarar faifan ya zame daga mazauninsa, ya tura shi ciki, ya ɗaure, ta tashi garau.

Auta kuwa ta san faifai ba ya zamewa sau biyu don kansa. Mugu shi ya san makwantar mugu.

Shekara biyu da suka wuce, tana ajin ƙarshe, tata laftof ɗin ta ƙi tashi da duk aikin kammala karatunta a ciki. Da hawaye ta shigo wannan shagon. Cikin minti goma ya gyara, yana nuna mata faifan, yana cewa nan komai ke kwana, in ya goce kwamfuta ta zama gidan da ba kowa. Ita ba faifan take kallo ba, hannunsa take kallo. A hanyar gida ta sayi ƙaramar sukundireba. Sau huɗu bayan nan laftof ɗinta na kamuwa da wannan ciwo, har ranar da ya nemi lambarta. Ko Yayarta ba ta taɓa gaya wa ba.

Ba ta gama haɗiye maganar kwalbar ba sai turaren ya shigo. Ƙamshi ta jingina da tebur, ta baza farata ruwan hoda dab da hannunsa, ta ce ita fa ba ta san yadda za ta yi da rayuwarta ba in babu shi. Sannan ta dubi Auta sama da ƙasa.

"Ƙanwarka ce? Kuna kama."

Ya buɗe baki zai amsa, Auta ta riga ta suri jakarta. Ta fice cike da kishi, ko sallama babu.

Ga shi ranar Asabar manyansa za su zo wajen Abbanta. Da ƙyar aka kai nan, don Umma tun farko ba ta so. Cewa take namijin da mata ke shiga shagonsa suna fita, kowace da lambarsa a wayarta, ba abin jingina ba ne. Yanzu da ta ga idon Auta ya kumbura, sai ta ce ai ga irinta nan. Yaya kuma ta ƙara gishiri, ta ce jan farce ba ya tafiya da ƙafarsa ya shiga durowar namiji.

Auta ta rubuta wa Injiniya layi ɗaya, ta ce kada kowa ya zo ranar Asabar. Ya kira sau goma sha ɗaya, tana kallon wayar tana kuka, ta ƙi ɗauka. Tana son sa, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Kuma ta san hanyar da Ƙamshi ta biyo hanya ce mai ɓullewa, tunda ita ma ta nan ta shigo.

Ranar Alhamis da hantsi ta tattara 'yan kyaututtukansa a leda, wai za ta mayar. A gaskiya ido ta je ba wa abinci. Ai kuwa ta samu: Ƙamshi na zaune a kujerar da Auta ta saba zama, laftof ɗin nan a kan tebur karo na uku.

Injiniya ya ga Auta, ya ga ledar, fuskarsa ta canza.  Ya juya laftof ɗin, ya haska fitila a kan notin da ke kusurwa, ya ce su biyun su matso.

Akwai ɗigon ruwan hoda a kan notin, ya tsage gida biyu.

A natse ya yi bayani. Duk na'urar da ya rufe, yakan ɗiga jan farce a kan noti ɗaya. In ya bushe, ba mai sa sukundireba a wurin bai fasa shi ba. Haka maigidansa ya koya masa, don kada a je a yi ɓarna a dawo a ce aikinsa ne bai yi kyau ba. Wancan karon ya ga a fashe ya yi shiru, ya ce ƙila wani ne a gida ya taɓa.

"Yanzu na sa wa faifan maɗauri, ranki ya daɗe. Ba zai ƙara zamewa ba, sai in an taimaka masa." Ya miƙa mata laftof ɗin da hannu biyu. "In ta sake, akwai wata mai gyara a ƙarshen layi, ta fi ni iyawa. Wannan kuma ba ƙanwata ba ce, matar da zan aura ce... in ta yarda."

Ƙamshi ta ce ita ba ta gane abin da yake nufi ba. Ta gane sarai, don ko jakar laftof ɗin ba ta tsaya zugewa ba.

Wani sanyi ya ratsa zuciyar Auta, har ta fara murmushi. Sai kuma murmushin ya tsaya a rabi.

"Tun yaushe kake ɗiga abin nan?"

"Tun ina koyon aiki."

"Har... shekara biyu da suka wuce?"

Ya sunkuyar da kai yana jera sukundirebobinsa, kafaɗunsa na rawa.

"Sau huɗu. A na ukun ma a karkace kika mayar da notin."

Da ƙasa za ta tsage da ta shige. Ta rufe fuska da mayafi, ta ce ashe duk tsawon lokacin nan dariya yake mata a ciki, me ya hana shi faɗa?

"In na faɗa ai kin daina zuwa. Ni da nake ɗaure shi sako-sako don kada ya ba hannunki wahala."

Ledar kyaututtukan ta koma gida yadda ta zo. Umma ta saurari labarin Ƙamshi har ƙarshe, ban da sashen da Auta ta ɓoye, sannan ta ce to, mai korar ciniki don ya tsare mutuncinsa ba za a rasa abin riƙewa a jikinsa ba. Asabar manya suka zo, aka sa rana.

Kishin dai bai mutu ba, wuri ya canza. Ran Litinin Auta ta shigo shagon, ta buɗe durowa, ta jefa ruwan hodar a kwandon shara, ta ajiye tata kwalbar, ja wur, irin wanda ke farcenta.

"Daga yau da wannan za ka riƙa ɗigawa," ta ce. "Duk wadda ta juya laftof ɗinta da sukundireba a hannu, ta fara gaisawa da ni."