Haramin Uzair

Kwana uku ke nan dusar ƙanƙara ta rufe filin jirgin garin da Uzair yake karatu a Kanada. Saƙonsa na ƙarshe ga mahaifiyarsa, Hajiya Dalal, shi ne: "Ummi, zan bi mota zuwa wani filin. In sha Allahu da harami zan shigo miki Makka." Daga nan wayarsa ta yi shiru.

Daren Laraba, bayan masu sayar da abinci a titin Mansur na Makka sun tashi, aka ƙwanƙwasa ƙofarta a hankali. Tana buɗewa sai ga shi tsaye cikin farin ƙyalle, ba jaka, ba takalmi.

"Ya waladi, ɗana! Ka iso?"

"Na iso, Ummi. Na cika alkawari."

Muryar kamar daga ƙasan rijiya. Ta riƙo hannunsa, sanyi ya ratsa ta har ƙashi. Duk zafin Makka, ƙanƙarar da ke girarsa ba ta narke ba.

Ta kai hannu za ta yaye masa lulluɓin da ke kansa, tana dariya da hawaye. "Haba Uzair, mai harami ai ba ya rufe kai."

Sai yatsunta suka taɓa ƙulli a tsakar kansa. Shekara ashirin tana wankan gawa. Ta san wannan ƙullin.